Darasin Daina Jira

Duk wanda ya yi ƙaramar sakandare a ƙauyenmu, can bayan garin Itsa a lardin Fayyum, kudu da Alkahira, a hannun Ustaz Abdut-Tawwab ya koyi kwamfuta, kuma babu ko ɗayanmu da ya taɓa kwamfuta da yatsansa a makarantar. Ba wai babu su ba ne. Akwai su har guda goma a ɗakin ƙarshe na saman bene, an lulluɓe su da zannuwan gado kamar kayan amarya. Shugaban makaranta na lokacin shi ya sa hannu ya karɓe su, aka ce masa duk wadda ta lalace a wuyansa take, bawan Allah ya garƙame ɗakin ya jefa makulli a aljihu. Ba a buɗewa sai ranar da masu duba makarantu za su zo: a kaɗe ƙura, a kunna ɗaya, a ɗauki hoto, a mayar da zani. Da ya yi ritaya ya miƙa wa na bayansa makullin haɗe da tsoron. Ranar da aka samu mai ƙarfin halin da ya ce a buɗe wa yara, ashe ɓeraye sun riga yaran shiga ajin, sun cinye wayoyin tas.

Shi Ustaz Abdut-Tawwab ɗan manomi ne, lissafi ya karanta, lissafin kuma yake koyarwa har shekarar da aka ce kowace makaranta ta fitar da malamin kwamfuta. Aka duba aka duba, aka ga shi ne ba ya musu, aka tura shi birni kwas na 'yan makonni. Can ya ga abin, ya taɓa shi, ya rubuta masa umarni ya ga ya bi. Ya dawo da takardar shaida da wani ƙaiƙayi a yatsu wanda bai sake shi ba har furfura ta cika masa kai. Shekarar farko ya yi abin da sauran malamai ke yi: ya zana kwamfuta a allo da alli, yara su kwafa, su haddace sunayen sassanta, a yi jarrabawa, su manta. Abin ya ishe shi. Wata safiya sai ga shi ya shigo aji da rabin buhun wake a kafaɗa da kiret-kiret na ƙwai a hammata.

"Ramin da ke da wake, i," in ji shi. "Ramin da babu wake, a'a. Abin nan da aka kulle a sama, wallahi iyakar abin da ya sani ke nan, i da a'a. Sauri kawai ya fi ku, ba wayo ba."

Da wake muka rubuta shekarunmu, da wake muka rubuta sunayenmu, har muka zana agwagwa da shi a kan kiret shida da aka jera a ƙasa. Iyaye suka yi ta ƙorafi wai sun tura yara koyon kwamfuta sun dawo suna ƙirga wake. Mai gadin makaranta ne kaɗai bai taɓa ƙorafi ba, don shi ke kwashe kayan karatun in an tashi.

Ranar da muka fi so ita ce ranar da shi kansa zai zama na'urar. Zai tsaya ƙiƙam a gaban aji, ga buta ga kofi ga sukari a tebur, ya ce mu sa shi ya haɗa shayi. A ce "Zuba ruwa!" sai ya tsiyaya a kan takalminsa, fuska a murtuke. "Kun ce kofi? Ba ku ce kofi ba." Wahalar wasan a wurinmu ɗaya ce: ba a raine mu da ba babba umarni ba. Yaro zai miƙe yana sosa ƙeya ya ce, "Ustaz, in ba damuwa, ko za ka ɗan matsa gaba?"

"Ɗan matsa taku nawa ne?" zai daka masa tsawa. "Na'ura ba ta san kara ba, ba ta san kunya ba. Kai, ba ni umarni, ba neman auren 'yata ka zo ba!"

Ba shi da 'ya ma. Ɗa ɗaya Allah ya ba shi, Wa'il, uwarsa kuma ta rasu yaron bai gama sakandare ba. Wa'il ya zauna a wannan ajin kamar kowa, kuma ya fi kowa saurin kama abu. Shi ne wata rana, suna tafiya gida a bakin magudanar ruwa, ya ce, "Baba, yaushe za mu daina wasa mu yi na gaske?" Uban ya yi dariya a lokacin, amma maganar ta zauna masa a ƙirji ba ta sauka ba.

Wa'il ya girma, ya buɗe ɗan shagon gyaran waya, ya auri Nagla 'yar Hajji Gum'a mai injin niƙa, aka jera mata kaya a saman benen gidan Ustaz. Sai dai a ƙauyenmu duk gidan da ka ga ya yi hawa huɗu an manna masa tayil, kuɗin Italiya ne, kuma saurayin da ke wucewa ta gindin irin gidajen nan safe da yamma ba ya daɗewa bai fara lissafi ba. Aure bai yi rabin shekara ba Wa'il ya ɗaura jaka, zai bi ta Libiya ya hau ruwa. Uban ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya yi shiru. A bakin mota yaron ya rungume shi ya ce, "Kwamfuta zan fara aiko maka, Baba, tun kafin zoben Nagla. Ka kai ta aji ka ɗora a tebur, ka bar waken nan a ci."

Mu a wurinmu ba a ƙona kati a kan "na iso lafiya". Ka kira, waya ta yi ƙara ɗaya, ka kashe. Wanda aka yi wa ya mayar da ƙara ɗaya, ma'ana na gani, Allah ya tsare. Wayar Ustaz ta yi ƙara ranar da Wa'il ya tsallaka iyaka, ya mayar. Ta yi ƙara da ya isa garin da ake tara su, ya mayar. Ta yi ƙara ranar da za su shiga jirgin, ya mayar. Saura ɗaya, ta Italiya, ita ce ba ta zo ba.

Wasu suka ce jirgin ya nutse. Wasu suka ce bai ma bar gaɓa ba aka kama su. Wani mutumin ƙauyen gaba da ya dawo ya rantse ya ga mai kama da Wa'il a wani gidan tsare mutane, amma da aka matsa masa da tambaya sai ya fara kame-kame. Babu gawa, babu labari, babu wanda za a yi wa ta'aziyya. Tun daga lokacin, kullum in Ustaz ya sallame la'asar sai ya ciro waya daga aljihun jallabiya ya kira lambar. Wata mata ta ce masa ba a samun lambar a halin yanzu. Ya ce, "Na gode, 'yata," ya mayar da wayar aljihu. Kowa a ƙauyen ya san da wannan, ba kuma wanda ya taɓa yi masa maganarsa.

Nagla ta zauna. Ita ke dafa masa wake da safe, ita ke goge rigar da zai sa zuwa makaranta, ita ke kiwon agwagi da tattabaru a rufin gida. Ammi take ce masa, wato baffana, shi kuma ya ce 'yata. Shekaru suka haura huɗu. Ƙawayenta da aka yi bikinsu a kaka ɗaya sun fara raka 'ya'ya makarantar rainon yara, ita tana leƙensu daga sama tana watsa wa tattabaru hatsi. Ustaz bai taɓa jin ta yi ƙorafi ba, shi kuwa ya ɗauki shirun nan a matsayin amsa don haka ya fi masa sauƙi.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci Hajji Gum'a ya biyo shi gida. Suka zauna a ɗakin baƙi, Nagla ta kawo shayi baƙi ƙirin, ta sumbaci hannun ubanta, ta haye sama.

"Abu Wa'il," in ji Hajji, "ka san ban taɓa zuwa maka da maganar nan ba."

"Ka zo da ita bara, Hajji. Ka dai shanye ta tare da shayin."

"To bana ta ƙi haɗiyuwa." Ya ajiye kofin. "Yarinyar nan ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba, ita ba mai takaba ba. An ce mini in aka je gaban alƙali da shaidu zai raba auren. Amma ta rantse ba za ta taka ƙofar kotu ba sai ta ji daga bakinka. Ni na haife ta, amma maganarka take jira."

"Ni ban ɗaure ta ba."

"Ba ka ɗaure ta ba, ba ka kuma kwance ta ba."

"In na ce ta tafi, na ce ɗana ya mutu ke nan. Da bakina kake so in faɗa?"

"Allah ya kiyaye! Allah ya dawo da shi gobe, wallahi ni zan kayar da ɓauna a ƙofar gidan nan. Amma shekarunta fa, Ustaz? Su ba sa jira."

"Ka ba ni zuwa girbin alkama."

"Bara ma girbin alkama ka ce mini," in ji Hajji, ya miƙe yana gyara rawani.

Ustaz ya raka shi ƙofa yana jin haushinsa, irin haushin da ake ji na wanda ya faɗi gaskiya. Tsoro biyu ne ke cinsa, ya kuma san su duka. Ɗaya, yana ganin ranar da ya sallami Nagla ya rufe wa ɗansa ƙofa da hannunsa. Na biyun ya fi kunya: in ta tafi, babu sauran motsin ƙafa a saman kansa, babu mai ambaton sunan Wa'il a gidan sai shi.

Akwai darasi ɗaya da ya daina fita da yara fili a kansa tun tafiyar Wa'il, darasin yadda saƙo ke tafiya daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Yakan karanta musu shi daga littafi da sauri ya wuce. Sai dai 'yan ajin wannan shekarar sun ji labarin wasan saƙo daga yayyensu, suka tasa shi gaba da naci. A makon da ya biyo bayan zuwan Hajji suka ci ƙarfinsa, ya ce su ɗebo murafen kwalba su same shi a fili.

Ya zana da'irori da alli a ƙarshen filin, ya ce garuruwa ne, zai sa musu Alkahira da Aswan da Iskandariyya. Yara suka ce ina! A sa Milano, a sa Tarabulus, a sa Kuwait, inda iyayensu da yayyensu suke, sai wata ta roƙa aka ƙara Itsa. Ya sa yaro ɗaya a kowace da'ira. Sauran suka yi layi a wancan ƙarshen, kowa da murfinsa a hannu, murfin shi ne saƙo. Tsakani ya ja siririyar hanya guda, ya zaɓi mai gudu ɗaya da zai riƙa kai saƙo.

"Ku saurara, ku masu kunnen ƙashi. Hanya ɗaya ce, saƙo ɗaya take ɗauka. Na gaban layi ya ba mai gudu murfinsa, ya faɗi garin. In ya isa, na cikin da'ira ya ɗaga hannu ya ce, ya iso! Sai na gaba ya matsa, na bayansa ya aika nasa. In ba ka ji ya iso ba, ka sake aikawa. Ni ne teku. In na ga dama sai in ƙwace saƙon a hanya."

Uku na farko suka wuce lafiya, ana ihu ana tsalle. Na huɗu wani yaro ne siriri mai suna Karam, ya ce Tarabulus. Ustaz ya tare mai gudu ya karɓe murfin. Karam ya ciro wani daga aljihu ya sake aikawa, Ustaz ya karɓe. Ya sake, ya karɓe.

"To ga inda darasin yake," in ji Ustaz. "Wani lokaci hanya a mace take. Dole a gaya wa na'ura sau nawa za ta gwada kafin ta daina. Karam, uku ke nan. Ka ce bai isa ba, ka matsa."

"Haba Ustaz, uku kacal?"

"To nawa kake so? Biyar? Ku ne masu ba da umarni, ku yanka lamba."

Ba wanda ya yanka. Karam ya karɓi aron murfi daga abokinsa ya sake miƙa wa mai gudu.

"Kai, ba ka ji ba ne? Na ce hanyar ta mutu!"

"Mamata kullum sai ta kira yayana da ya ɓace a Tarabulus," in ji Karam, "tun ina firamare. Ba ta taɓa cewa uku ba."

Sai fili ya kaure. Wannan ya ce ai abin kunya ne a daina. Wannan ta ce kakarta ta ce wanda ya daina kiran matafiyi fatan mutuwa ya yi masa. Wani ya ce a sa dubu, wani ya ce dubu ma ta yi kaɗan. Daga can baya wani mai sakin baki ya ce, "Ai Ustaz ma bai daina ba!" Na kusa da shi ya zungure shi.

Ustaz bai yi tsawa ba. Ya tsaya da murafe cike da hannu, ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya sa shi a kan layin da ke bayan Karam. Rana ta take, yara sun fara jingina da juna. Ta farko a bayan Karam wata 'yar ƙaramar yarinya ce, Du'a, wadda ba a jin muryarta a aji sai an kira suna. Tana tsaye daidai inda aka ajiye ta, hannunta a dunƙule.

"Du'a, tun ɗazu kina nan?"

"I, Ustaz."

"Me ya hana ki ce masa ya matsa?"

"Shi ne a gaba, Ustaz. Kuma yayansa ne. Yaya zan ce masa ya daina?"

"Naki saƙon ina za shi?"

"Itsa ne kawai," in ji ta. "Nan kusa."

Ta buɗe hannun, haƙoran murfin sun yi mata shaida a tafi. Ustaz ya daɗe yana kallon tafin nan. Shekara da shekaru yana gaya wa yara na'ura na dainawa ne don ta san saƙon ya ɓata, ashe ba ta san komai ba, matsawa kawai take yi saboda akwai na bayanta. Kunya ta kama shi, irin wadda bai ji ba tun yana yaro.

Ya tako ya zuba wa Karam duk murafen a hannu. "Zo nan gefe," ya ce masa a hankali. "Tsaya nan. Ka yi ta aikawa har ka gaji, ba wanda ya isa ya ce maka uku. Amma fita daga layin. Ba ta hanya."

Du'a ta miƙa murfinta, mai gudu ya sheƙa, yarinyar da ke da'irar Itsa ta ɗaga hannu ta ce ya iso. Ana haka aka buga ƙararrawa.

Ustaz ya bi bakin magudanar ruwa zuwa gida a hankali, yana gaisawa da masu yankan ciyawar barsim ba tare da ya gane su ba. Bai tsaya cire takalmi ba, ya hau matakala har rufin gida, inda ya yi shekaru bai taka ba. Nagla na tsugune tana tsinkar lalo a faranti, agwagi na zagaya ta. Ta miƙe a firgice.

"Ammi, lafiya? An samu labari?"

"Babu labari, 'yata. Zauna." Ya jawo wani tsohon kwando ya kifa ya zauna a kai, yana haki. "Gobe ki je gidanku. Ki ce wa Hajji ya sa rana, ni zan raka ku kotun. Ni ne shaida na farko."

Ta saki ganyen lalon da ke hannunta cikin faranti.

"Tun tuni ya kamata in faɗa. Na ga kin yi shiru, na ce kin yarda. Ashe kara kike yi mini, ni kuma na zauna a kan karar taki na miƙe ƙafa. Ki yafe mini."

"Ni ban gaji ba, Ammi."

"Kin gaji. Ni ma na gaji, don dai ni ubansa ne."

Hawaye ya zubo mata, ta share da gefen mayafi. "Kai ma za ka daina ke nan?"

"Ni? A'a. Ni babu kowa a layi a bayana."

Ba ta gane zancen layi ba, ba ta kuma tambaya ba. Ta duƙa ta kama hannunsa za ta sumbata, ya janye ya ɗora mata shi a ka. Ta ce wa zai dafa masa wake, ya ce mutumin da ya koyar da wake shekara da shekaru ba zai kasa dafa shi ba. Ta yi dariya tana kuka. Can ta ɗago ta tambayi abin da ya san shi ne ya riƙe ta duk tsawon shekarun nan.

"In ya dawo fa? In ya shigo ya hau sama ya tarar ba ni?"

"Ni zai tarar. Zan ce ni na ce ki tafi. Da ni zai yi faɗa, ba da ke ba."

"Zai yi fushi sosai, Ammi. Ka san shi."

"Na san shi. Zai yi ihu har maƙwabta su fito, zai ce na ci amanarsa, zai yi wata guda bai gaishe ni ba." Ya juya fuska wajen gonaki. "Allah ya nuna mini ranar faɗan nan, 'yata. Allah ya nuna mini."